Ƙyallen Bakan Gizo da Yaron da Muka Kora Daga Gidan Kallo

Ranar Lahadi, 1 ga Disambar 2024, bayan sallar Azahar, ina zaune a wani gidan kallon ƙwallo da ke unguwar Mabera a Sakkwato ana nuna wasan Manchester United da Everton, wanda United ta ci 4 da nema. Makon ne da gasar Firimiya ta Ingila ta keɓe domin nuna goyon baya ga masu neman jinsi ɗaya, saboda haka kyaftin-kyaftin suka shigo fili ɗaure da ƙyalle mai launin bakan gizo a damtse. Duk sa'ad da aka hasko ƙyallen sai ɗakin ya ɗauki tsaki da a'uziyya, ban kuwa ga laifin kowa a kan haka ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni. Akwai wani saurayi da ke taimaka wa mai gidan wajen karɓar kuɗin shiga da sayar da ruwan leda, shekarunsa ba za su wuce 17 ba, Allah Ya yi shi da siririyar murya da sanyin jiki. Ya zo wucewa tsakanin bencina da kular ruwa a hannu, sai wani magidanci da ya isa ya haife shi ya ɗaga murya ya ce, "Kai yaro, taho ka gani, wanga ƙyalle naku na!" Ɗaki ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce a ɗaura masa tun da shi ne kyaftin ɗin 'yan daudun unguwa, wani kuma ya jefe shi da ledar ruwan da ya sha rabi, ta jiƙa masa gaban riga.

Yaron bai tanka ba. Ya ajiye kular a bakin ƙofa, ya ƙirga kuɗin da ke aljihunsa ya miƙa wa mai gidan, ya ɗaga labule ya fita. Mun fi mutum 60 a ɗakin, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai ni, amma babu wanda ya ce uffan, kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci an manta da shi.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, domin kada a yi mini fassarar da ban yi ba. Ni Musulmi ne, na yi imani cewa luwaɗi da maɗigo haramun ne, kuma babu wani gangami na hukumar ƙwallo da zai sauya mini wannan. Ina kuma adawa da a tilasta wa ɗan wasa sanya alamar abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Amma ina da yaƙinin cewa ɗan wasan da ya fito ya bayyana cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne, ba mu da haƙƙin zaginsa, ko yi masa barazana, ko fatan a raba shi da sana'ar da yake ci da ita. Abin da ya fi wannan muni shi ne mu kwaso fushin da muke yi da wasu mutane a Turai mu sauke shi a kan yaranmu bisa zato kawai, mu bar jaki muna dukan taiki.

Su nawa ne ma?

Wanda ya saurari hirarmu a majalisa zai zaci filayen ƙwallon Turai sun cika maƙil da irin waɗannan 'yan wasa. Gaskiyar ita ce a ɓangaren maza ana iya ƙirga su da yatsu. Gasar Firimiya tana da ƙungiyoyi 20 da 'yan wasa wajen 500, amma har zuwa ranar wasan da nake magana a kai babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito fili ya faɗi haka yana kan taka leda.

Thomas Hitzlsperger na Jamus, wanda ya buga wa Aston Villa da Stuttgart, sai da ya yi ritaya sannan ya yi magana a watan Janairun 2014. Josh Cavallo na ƙungiyar Adelaide United a Ostareliya ya bayyana kansa a Oktoban 2021, kuma shekaru bayan haka yana cewa barazanar kisa ba ta daina shigo masa ta waya ba. Jake Daniels na Blackpool ya yi tasa sanarwar a Mayun 2022 yana ɗan shekara 17, wato sa'an yaron nan na gidan kallo. Jakub Jankto, wanda ya buga wa Jamhuriyar Czech wasanni fiye da 40, ya biyo baya a Fabrairun 2023. A ƙwallon mata lamarin ya sha bamban, domin taurari irin su Megan Rapinoe ta Amurka da Sam Kerr ta Ostareliya ba su ɓoye ba, amma a gidajen kallonmu ba ƙwallon mata ake nunawa ba.

Wanda ya riga su duka, wanda kuma labarinsa ya fi kusa da mu, shi ne Justin Fashanu. Mahaifinsa lauya ne ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar ƙasar Guyana, an haife shi a Landan a 1961. Da auren iyayen ya mutu sai shi da ƙanensa John suka faɗa gidan renon yara, daga nan wasu Turawa a yankin Norfolk suka ɗauki riƙonsu. Ƙwallon da ya jefa a ragar Liverpool a 1980 yana Norwich City ita aka zaɓa mafi kyau a kakar, kuma a 1981 Nottingham Forest ta saye shi a kan fam miliyan 1, ya zama baƙar fata na farko da aka biya wa wannan kuɗi a Ingila. Da kocinsa Brian Clough ya ji wuraren da yake zuwa da dare, sai ya hana shi atisaye tare da sauran 'yan wasa. Tauraronsa bai sake haskawa kamar da ba, ga kuma ciwon gwiwa da ya same shi daga baya.

A Oktoban 1990 ya bayyana kansa a wata jaridar Ingila. 'Yan kallo suka mai da shi abin waƙar zagi a filaye, babu babbar ƙungiyar da ta sake ba shi kwantiragi mai tsawo, kuma ƙanensa John, wanda ya ci kofin FA da Wimbledon a 1988, ya fito ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a. A 1998 aka zarge shi a jihar Maryland ta Amurka da cin zarafin wani saurayi ɗan shekara 17, zargin da ya musanta a takardar da ya bari, inda ya ce bai ga alamar za a yi masa shari'ar adalci ba. A watan Mayun shekarar aka tsinci gawarsa a wani gareji a Landan, ya kashe kansa yana da shekara 37. Ban kawo zargin don in wanke shi ko in ɗora masa ba, Allah ne Masani. Na kawo labarin ne saboda daga baya John ya fito yana bayyana nadamar yadda ya yi da ɗan'uwansa, a lokacin da nadama ba ta da sauran amfani. Bayan Justin, sai da aka shekara 32 kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallo a Birtaniya ya sake yin irin wannan magana yana kan wasa.

"Ai addini ya hana"

Ƙwarai ya hana, ban kuma zo in sassauta abin da Allah Ya haramta ba. Sai dai addinin da ya hana wannan aiki bai tsaya nan ba. A Suratul Hujurati an hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, an hana jifan juna da miyagun laƙabobi, an hana yawan zato da binciken asirin mutane, duk a ayoyi biyu da ke jere da juna. A Suratul Ma'ida an ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kasa yin adalci. Babu inda aka ce waɗannan hane-hane suna faɗuwa idan wanda ke gabanka mai saɓo ne.

Akwai hadisin da malamanmu ke karantarwa a kan mutumin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, ana yi masa haddi yana komawa. Da wani ya la'ance shi, sai Manzo ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Giya ba ta halatta ba, haddi bai faɗi ba, amma an kame bakin mai la'ana. Ashe ana iya ƙin aiki iyakar ƙi ba tare da an mai da mai aikin abin takawa ba.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah: matashin da ya ɗauki waya a Gawon Nama ko Arkilla ya shiga shafin Josh Cavallo ya rubuta masa ashar da fatan mutuwa, wace da'awa ya yi? Mutumin ba Musulmi ba ne, ba ya ƙasarmu, ba ya ƙarƙashin dokarmu. Abin da kawai zai gani shi ne suna irin namu a saman zagi. Idan wata rana ya ji ana cewa Musulunci addinin rahama ne, wannan saƙon zai fara tunawa.

"To don me sai sun faɗa wa duniya?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a wurina, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba. Tarbiyyarmu ta ginu a kan sutura. Hadisi ingantacce ya nuna cewa ana yafe wa al'umma ban da masu bayyana saɓonsu, kuma a al'adarmu ko miji da mata na halal ba sa baje sirrinsu a kasuwa. Da za a nemi shawarata, da na fi son kowane ɗan wasa ya bar abin da ke ɗakinsa a ɗakinsa.

Amma rayuwar ɗan ƙwallo a Turai ba ta da ɗaki. Jaridu suna biyan kuɗi a kawo musu hoton inda ya kwana. Idan aka ci kofi, abokan wasansa suna shigo da matansu da 'ya'yansu cikin fili, kuma duk wanda bai shigo da kowa ba sai an tambaye shi dalili. Wanda ke da irin wannan sirri yana rayuwa ne da fargabar ranar da wani zai sayar da shi, ko ya riƙa karɓar kuɗi a hannunsa don ya yi shiru. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi magana sun ce gajiya suka yi da ƙarya da ɓuya. Mutum na iya ƙin yarda da zaɓinsu, ni ma ban yarda da shi ba, amma bai kamata ya yi kamar bai fahimci abin da ya kai su ba.

Akwai kuma wani abin da nake so mu kalla da idon basira. Sutura nauyi ne a kan mai laifi, amma nauyi ne kuma a kan jama'a. Mu da muke cewa su rufa wa kansu asiri, mu ne kuma muke zama a benci muna tantance wane ɗan wasa ne tafiyarsa ta yi kama da ta mata, wane ne ya kai shekara 30 bai yi aure ba, wane ne ya rina gashi. Ba zai yiwu mu nemi mutane su yi shiru alhali mu ne masu tono ba.

"Turawa ne ke son cusa mana"

A nan ina tare da masu wannan magana zuwa wani matsayi, kuma ina da dalilai. A Faransa, duk watan Mayu an riƙa keɓe mako guda a sanya wa rigunan 'yan wasa alamar wannan gangami. A Mayun 2022 Idrissa Gana Gueye na Senegal, lokacin yana PSG, bai buga wasan Montpellier ba, aka yi masa ca, har kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon Faransa ya rubuta masa takarda yana neman bayani, har sai da shugaban ƙasarsa na lokacin, Macky Sall, ya fito ya ce a mutunta addininsa. A 2023 ƙungiyar Nantes ta ci Mostafa Mohamed na Masar tara saboda ya ƙi buga wasan makon. A 2024 Mohamed Camara na Mali, yana Monaco, ya liƙe alamar da farin tef a rigarsa, aka dakatar da shi wasa 4. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zagi kowa. Abin da suka ce kawai shi ne ba za su sanya ba.

A makon da nake ba da labari, kyaftin ɗin Ipswich, Sam Morsy, ya ƙi ɗaura ƙyallen, ƙungiyarsa ta ce ta mutunta addininsa. Noussair Mazraoui na United ya ƙi sanya rigar sanyin da aka tanada don gangamin, sai duk 'yan wasan suka fasa sanyawa domin kada a ware shi. Marc Guehi na Crystal Palace, Kirista ɗan fasto, ya ɗaura ƙyallen amma ya rubuta a kai cewa yana son Yesu, hukumar ƙwallon Ingila ta tunatar da shi cewa doka ta hana rubutun addini a kayan wasa. To ga tambaya: doka ta 4 ta dokokin ƙwallo ta hana saƙon siyasa da na addini da na ra'ayin kai a jikin kayan ɗan wasa, yaya aka yi saƙo ɗaya ya zama wajibi, ɗayan kuma laifi?

Mun kuma ga yadda ma'aunin yake karkata. An ci Frederic Kanoute tara a Sifaniya a 2009 saboda ya ɗaga riga ya nuna sunan Falasɗinu. Da Mesut Ozil ya yi magana a kan Musulmin Uighur na China a 2019, ƙungiyarsa Arsenal ta yi maza ta ce ba ruwanta da siyasa. A 2023 ƙungiyar Mainz ta Jamus ta kori Anwar El Ghazi saboda rubutunsa a kan Gaza, sai da kotun ƙwadago ta ce korar ba ta bisa ƙa'ida. Ita kanta alamar ba ta da zurfin da ake nunawa: a gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022 ƙasashen Turai 7 sun sha alwashin ɗaura irin wannan ƙyalle, da FIFA ta ce za a ba kyaftin katin gargaɗi sai duk suka janye, kuma Jordan Henderson da ya yi fice wajen tallata gangamin a Liverpool bai yi wata-wata ba wajen komawa Al-Ettifaq ta Saudiyya a 2023. Alamar da aka ɗora wa mutum da ƙarfin ofis ba ta kare kowa, sai dai ta ƙara wa mutane haushi, haushin kuma ya sauka a kan marasa ƙarfi, kamar yadda na gani da idona.

Duk wannan gaskiya ne. Amma Jake Daniels ba shi ne ya dakatar da Camara ba. Hukumomi da kamfanonin talla ne suke tsara gangami, shi kuwa yaro ne da ya faɗi abin da ke ransa yana neman a bar shi ya buga ƙwallo. Sannan mu duba hujjar da muke kare Gueye da ita. Cewa muke yi an ɗauke shi aiki ne don ya tare tsakiyar fili, ba don a binciki abin da ke zuciyarsa ba, a auna shi da ƙafarsa kawai. Idan wannan hujja gaskiya ce ranar Asabar a kan Gueye, ba za ta zama ƙarya ranar Lahadi a kan Jankto ba.

Musulmi a Turai tsiraru ne, kuma wannan ƙa'ida ta a bar kowa ya yi sana'arsa ita ce inuwar da suke fakewa a ciki. Ita ce ta sa Mohamed Salah ya riƙa sujada a Anfield, filin Liverpool, dubban mutane suna yi masa waƙa. Ita ce ta sa a Afrilun 2021 aka dakata a wasan Leicester da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate su sha ruwa, abin da daga baya alƙalan wasa a Ingila suka mayar al'ada a watan Ramadan. A Faransa, inda ba a ɗauki wannan sassauci da muhimmanci ba, hukumar ƙwallo ta hana alƙalai tsayar da wasa don buɗa baki, ta kuma hana mata buga gasa da hijabi. Duk wanda ke son a tsaurara wa wani saboda yadda yake, ya sani cewa almakashin da aka wasa ba gefe ɗaya kawai yake yanka ba.

Na tuna yadda muka fusata a Yulin 2021, lokacin da Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɓarar wa Ingila da fenareti a wasan ƙarshe na gasar Turai a filin Wembley, aka cika shafinsa da hotunan birai. Ban ce launin fata da wannan aiki abu ɗaya ba ne, domin a aƙidata ba ɗaya ba ne. Amma taron da ke jin daɗin wulaƙanta mutum guda wanda ba shi da mai kare shi, halinsa ɗaya ne ko a Wembley ko a Mabera.

"Yaranmu suna kallo"

Suna kallo, kuma damuwar iyaye a kan haka tana kan hanya. Amsar ita ce uba ya zauna da ɗansa ya gaya masa abin da addininsa ya ce a kan wannan alama, cikin natsuwa, kamar yadda zai gaya masa a kan giyar da ake tallatawa a gefen fili.

Sai dai in da gaske tarbiyyar yara ce ta dame mu, to a wancan lokacin ƙyallen nan mako ɗaya ko biyu yake fitowa a shekara, tallan caca kuwa yana ƙirjin rigunan ƙungiyoyi da yawa kowane mako. Abin ya kai ƙungiyoyin Firimiya da kansu suka amince a 2023 cewa za su cire kamfanonin caca daga gaban riga bayan kakar 2025/26. A garin nan kowa ya san gidan da aka sayar da waya ko babur, ko aka taɓa kuɗin makaranta, saboda yaro ya buga tikiti yana jiran wasa ɗaya ya shigo. Ban taɓa jin ɗakin kallo ya ɗauki a'uziyya don an hasko tambarin caca ba, hasali ma rabin masu tsakin suna riƙe da tikitinsu a hannu.

Kuma a ranar nan akwai ƙananan yara zaune a tabarma a gaban talabijin. Ba su san ma'anar launukan ƙyallen ba. Abin da suka gani ƙarara shi ne manya masu furfura suna dariya an jefi wani da ledar ruwa, kuma babu wanda ya tsawata.

Kalmar da muke jifa da ita

Duk wanda ya zauna a zaure a Sakkwato ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin haddi. A can an faɗa a fili cewa wanda ya yi ƙazafi bulala 80 ne a kansa, wanda ya ce wa mutum "ya kai ɗan luwaɗi" za a yi masa haddi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ko da habaici ne aka yi ba a fito fili ba, haddin yana nan. "Wanga ƙyalle naku na" habaici ne da kowa a ɗakin ya fahimta, shi ya sa ma aka yi dariya. A ma'aunin littafin da muke alfahari da shi, mutumin da ya tabbata ya aikata laifi a ranar shi ne mai maganar, kuma mu da muka saurara muka yi shiru muna da namu kason.

Me aka gani a wurin yaron? Murya da tafiya. Allah ne Ya halicce su, kuma ba su zama shaidar komai ba a gaban kowane alƙali. Najeriya tana da dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014, jihar nan kuma tana da kotunan shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000. Ko mutum yana ganin dokokin sun yi tsauri ko sun yi daidai, babu ɗaya daga cikinsu da ta naɗa bencin gidan kallo ya zama kotu. Mu kuwa mutanen garin nan ba sai an tuna mana abin da ke faruwa ba idan taro ya yanke hukunci da kansa bisa wata kalma da wani ya furta, domin mun gani, kuma ba sau ɗaya ba. Irin wannan laƙabi idan ya manne wa saurayi yana bin sa wajen neman aiki, yana bin sa ranar da iyayensa za su je nema masa aure, yana iya kai shi ga abin da ya fi haka.

Bayan mako biyu na koma gidan kallon na tarar da wani yaro daban a bakin ƙofa. Na tambayi mai gidan, ya ce tun ranar wancan yaron bai sake dawowa ba, kuma ɗan abin da yake samu a nan da shi yake taimaka wa mahaifiyarsa da cefane, domin mahaifinsa ya rasu. Na ce masa ya kamata a ce ya tsawata tun da gidansa ne. Ya ce, "Malam, in na yi magana mutanena su watse, kai da kaka zaune kusa da shi mi kac ce?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Shi ya kwatanta mini inda yaron ya koma, wurin wani mai shayi kusa da babbar tasha, yana wanke kofuna da soya ƙwai. Na je da safe, cikin sanyin hunturu, na same shi durƙushe gaban bahon ruwa hannuwansa sun yi fari. Ya gane ni, ya miƙe ya gaishe ni da ladabi. Na ce masa na zo ne in ba shi haƙuri a kan abin da aka yi masa a gabana ban hana ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Malam. Na saba."

Na tambaye shi ko zai koma idan na yi wa mai gidan magana, na kuma yi alkawarin zan zauna a bencin gaba. Ya girgiza kai, ya ce ya daina kallon ƙwallo, sakamako kawai yake ji a rediyon maigidansa. Sai wani direba ya ƙwala kira yana neman shayi da burodi, ya goge hannu a jikin wando ya tafi ya haɗa masa.